Yaron da ya ce poker ba caca ba ce, a miƙa masa alli

Iyaye da malamai sun san yadda ake yi wa yaro faɗa kan cacar ƙwallo ko tikitin LONANI, domin shi kansa ya san sa'a yake nema. Wanda ya fi wuyar sha'ani shi ne ɗan lise da ya gano wasan kartar nan na poker a waya. Shi ba ya sunkuyar da kai. Zai ce maka wasan ƙwaƙwalwa ne, yana rubuta sakamakonsa, yana gyara dabara, kuma a watan jiya ya ci riba. Idan ka ce masa haram ne, ga aya ta 90 a Suratul Ma'ida, sai ya ce ai ayar a kan caca take, shi kuwa gwaninta yake yi. A nan ne yawancinmu muke tsayawa, don ba mu san wasan ba.

A ganina hujjarsa ce ya kamata mu karɓa mu bi ta har ƙarshe, domin lissafin da gwanayen wasan ke auna kansu da shi ya ishe mu.

Nau'in da ya fi sauƙin shiga shi ne gasar tebur ɗaya, wadda suke kira Sit & Go. Mutum tara suka zauna, a fara, a yi ta fitar da juna har saura ɗaya. Uku ake biya: na farko kashi 50 cikin ɗari, na biyu 30, na uku 20. Mu ɗauka kowa ya zuba sefa 1,100. Jikka guda ta shiga tukunya, dala ashirin ɗin sama kuma la'adar mai shafin ce, ko ka ci ko ka faɗi. Tukunya ta zama 9,000: na farko ya ɗauki 4,500, na biyu 2,700, na uku 1,800. Amma abin da mutum taran suka zuba 9,900 ne. Tun kafin a raba karta 900 sun fita daga tebur. Saboda haka ɗan wasan da bai fi sauran ba, bai kuma kasa su ba, yana asarar sefa 100 a kowace gasa, wajen kashi 9 cikin ɗari na abin da ya zuba.

To ina ribar watan jiya ta fito? Nan ne abin ya ke. Sakamakon gasa ɗaya yana lilo sosai, daga asarar 1,100 zuwa ribar 3,400, asarar sefa 100 kuwa ƙanƙanuwa ce, sai ta ɓuya a cikin lilon. Duk malamin da ke koyar da lissafin yiwuwa a ajin tarminal zai iya fitar da wannan a allo cikin rabin awa. Cikin irin waɗannan matsakaitan ƴan wasa, waɗanda tabbas asara suke yi idan tafiya ta yi nisa, kusan huɗu cikin goma za su ga riba bayan gasa 20. Bayan gasa 100, ɗaya cikin huɗu yana nan da riba, yana ganin kansa gwani. Sai an kai gasa 1,000 adadin ke komawa wajen biyu cikin ɗari, kuma a lokacin matsakaicinsu ya rasa jikka ɗari. Yaron da ya nuna maka ribar sati biyu bai yi ƙarya ba. Sati biyun ne ba su da abin da za su faɗa, kuma su gwanayen da yake koyi da su sun fi kowa sanin haka. Shi ya sa suke ƙirga gasarsu da dubbai kafin su yarda da abin da littafinsu ya nuna.

Ba zan ce babu gwaninta a ciki ba, akwai. Lokacin da ya rage mutum huɗu, uku za a biya, hannun da ya dace a shiga da shi a farkon wasa yakan zama na jefarwa, domin fita na huɗu asarar komai ce, ninka ƙwayoyin wasanka kuwa ba ya ninka rabonka na tukunya. Akwai tsarin lissafi na musamman don wannan, ICM, da manhajoji irin su ICMIZER da PokerTracker da masu sana'ar ke bitar wasanninsu da su. Suna kuma raba shawara da sakamako: wanda ya zuba komai da as biyu a kan mai sarki biyu ya yi daidai, amma kusan sau ɗaya cikin biyar zai faɗi, kuma faɗuwar ba ta mai da shawarar kuskure. Wannan tunani ne mai kyau. Da ma ɗalibanmu suna duba takardar jarrabawarsu haka, su bambance amsar da suka sani da wadda suka canka ta faɗa daidai.

Sai dai gwanintar ita ce ta ƙara ɓata lissafin yaron. Mai shafi ya ɗauki nasa, gwani ma sai ya ɗauki nasa, kuma ba daga sama yake zubowa ba. Mutumin da ke buga teburi goma a lokaci guda a kan kwamfuta, da manhajar da ke ajiye tarihin kowane abokin wasa, abincinsa shi ne sabon shiga mai ƙaramar waya da intanet ɗin da ke yankewa. A mu ce ma yaron ya zama gwanin, yana cin ribar kashi 5 cikin ɗari. A gasar 1,100 sefa 55 ke nan, bayan zaman da kan kai kusan awa. Ko kuɗin intanet ɗin bai fito ba. Kuma ko wannan gwanin, fiye da sau ɗaya cikin uku zai iske kansa cikin asara bayan gasa 100.

Labarin da ke jan su tsoho ne. A 2003 wani akanta Ba'amurke, Chris Moneymaker, ya samu kujera ta ƙaramar gasar intanet a PokerStars, ya je Las Vegas ya ci dalar Amurka miliyan 2.5 cikin mutum 839. Sunansa kowa ya riƙe, sauran 838 ba a cika ba da labarinsu ba. Kamfanonin kuwa sun ci gaba da gajarta wasan. Winamax ta Faransa ta fito da Expresso a 2013, PokerStars ta biyo da Spin & Go a 2014: mutum uku, mintoci kaɗan, kuma na'ura ce ke cankar girman kyautar kafin a fara. Wanda ke buga wannan ya ce ba caca yake yi ba, sai a tambaye shi wace dabara ce ke juya na'urar.

Ƙwace waya kaɗai ba ya raba gardamar, aron ta aboki zai yi. Tunda ya ce yana auna sakamakonsa, uba ya nemi ganin ma'aunin. Littafi, a rubuta kowace gasa ba tsallake: rana, abin da aka zuba, abin da ya dawo, awa nawa, kuɗin intanet, da inda kuɗin shiga suka fito. Masu asara sun fi tuna daren da suka ci, kuma sau da yawa kuɗin da aka sake turawa ta Airtel Money bayan an cinye na farko ba sa shiga ƙidaya. Shafin tarihin ajiya da cirewa da ke cikin asusunsa ba ya mantuwa, a buɗe shi tare, a haɗa jimilla biyu, a ɗebe ɗaya daga ɗaya. Malamin lissafi kuma ya kawo teburin mutum tara cikin aji ba tare da ko dala ta shiga ba, ya bar ɗalibai su nemo inda sefa 900 ɗin suka tafi, sannan su lissafa gasa nawa ake bukata kafin jikka goman da aka bayar na littattafan shekara ta ƙare.