Kada a Kashe Filin Wasa Saboda Jarrabawa

Da zarar jarrabawar WAEC ko NECO ta gabato, abin da ake fara sokewa a makarantun sakandare da yawa shi ne lokacin wasanni. A ganina wannan kuskure ne babba, domin ɗalibin da ake son a taimaka shi ake cuta.

Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana shan kusan kashi 20 na iskar oksijin da jiki ke amfani da ita. Idan mutum ya yi gudu, zuciya kan ƙara tura jini, jiki kuma ya ƙara fitar da wani sinadari mai suna BDNF, wanda ke ƙarfafa jijiyoyin ƙwaƙwalwa. A 1999 masana a Cibiyar Salk ta Amurka suka gano cewa ɓerayen da ke gudu sun fi samar da sababbin ƙwayoyi a sashen da ke adana abin da aka koya. A 2009 kuma, a Jami'ar Ilinoi, yaran da suka yi tafiyar minti 20 sun fi natsuwa da fahimtar karatu bisa ranar da suka zauna kurum.

Wani zai ce ai yaran Kiru da Bebeji na noman rani a bakin ruwan Tiga, na Doguwa kuwa kullum suna hawa da sauka a duwatsun Riruwai, wane motsa jiki kuma ya rage? Gaskiya ne, amma ɗalibin makarantar kwana ba ya zuwa gona, 'yan mata kuwa galibi daga aji sai gida. Haka nan aikin da ya gajiyar da yaro bisa yunwa gyangyaɗi yake kawowa a aji. Wasa irin langa ko ƙwallo yana tilasta wa yaro lura da abokin karawa, da yanke shawara nan take, da danne fushi. Sashen goshi da ke kula da waɗannan ba ya gama nuna sai bayan shekara 20.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2020 cewa 'yan shekara 5 zuwa 17 su motsa jiki minti 60 a kullum. Gudu ba zai maye gurbin littafi ba, sai dai ya shirya ƙwaƙwalwa ta karɓe shi. Saboda haka ina kira ga shugabannin makarantu, daga Tudun Wada har Kwanar Ɗangora, da su bar lokacin wasa a jadawali, su kuma keɓe wa 'yan mata nasu filin. Langa ba ta buƙatar ko sisin kwabo.