Gargaɗi A Kan Auren Ɓoye, Da Misalin Wani Wasan Turawa



Ya ku malamai da almajirai na ƙasar Haɗejiya, ina so in ba ku labarin wani wasan ban dariya na Turawan Ingila, domin a cikinsa akwai abin da ya shafi gidajenmu. Sunan wasan Goodnight Sweetheart, gidan talabijin na BBC ya nuna shi daga 1993 zuwa 1999. Labari ne na wani mai gyaran talabijin a birnin Landan, sunansa Gary Sparrow, yana da mata ana ce da ita Yvonne. Wata rana ya bi ta wani lungu, sai ya tarar da kansa a cikin shekarar 1940, lokacin yaƙin Hitila, watau ya koma baya da shekara hamsin da 'yan kai. Can ya ga wata mace, Phoebe, ya so ta, daga baya ya aure ta, ta haifa masa ɗa. Ya dinga kai da kawowa ta lungun nan, ya ce wa Phoebe aikin asirin gwamnati ke raba shi da gida, Yvonne kuwa kullum da irin uzurin da yake kawo mata. Yana da aboki mai aikin ɗab'i, Ron, wanda ke buga masa kuɗin zamanin da da takardun jabu. Dariyar duka a kan haka take, yau saura kaɗan a kama shi, gobe ya ƙago wata ƙarya ya tsira. A ƙarshe, ranar da yaƙi ya ƙare a Turai cikin 1945, lungun ya toshe yana can baya, matarsa ta fari ba ta sami kome ba sai rubutun da ya bar mata a jikin bango.

Turawa suna dariya domin a dokarsu ta 1861 wanda ya yi aure a kan aure yana iya shan ɗaurin shekara 7. Mutuminmu kuwa in ya ji labarin nan zai ce, ina abin laifi, mu da aka halatta mana huɗu? To, ni abin da na gani, laifi tudu ne. Da a ce Gary Musulmi ne ma, alƙalinmu ba zai ƙyale shi ba, gama mata biyun nan ba wadda ta san da 'yar'uwarta, kuma irin wannan aure akwai shi a cikinmu.

Ku duba yadda arzikin ƙasar nan yake. In ruwa ya janye daga fadama aka kwashe shinkafa, aka tsinke tattasai da barkono, aka banda kifi, sai fatake su ɗora kaya su nufi Kano, wasu har Ikko da ƙasashen kurmi, 'yan cirani kuma su bi bayansu. Tun da jirgin ƙasa ya ratsa Malam Madori zuwa Nguru cikin 1930 hanya ta buɗe, yau kuwa mota ta ƙara sauƙaƙa ta. Mafi yawansu mutanen kirki ne masu neman halal. Amma akwai wanda zai yi wata uku a can, ya ga wata, a tara mutum huɗu ko biyar a zaure bayan sallar lisha, a ɗaura aure, sa'an nan ya ce da shaidu, don Allah kada maganar nan ta isa gida. Wannan mutum ba ya bukatar lungun Landan, nisan hanya ya ishe shi. Har irin Ron yana da shi, watau yaron shago ko abokin fatauci da zai amsa waya ya ce Alhaji yana wajen lodi.

Almajirin da ya kai babin nikahi ya san hukuncin. Yardar uwargida ba sharaɗi ba ce ga ingancin aure na biyu, ba ni kuwa cewa sharaɗi ce. Amma rashin neman izini daban, umartar shaidu su ɓoye daban. A mazhabar Imamu Malik, auren da miji ya yi wa shaidu wasiyya su ɓoye shi, shi ake kira nikahus sirri, kuma Shehu Halil a cikin Muhtasar ya ambaci ɓoye wa matar miji musamman a cikin misalansa. Hukuncinsa a warware shi, sai fa in an tare kuma an daɗe, sa'an nan a ladabtar da ma'auratan, a ladabtar da shaidun. A cikin Muwaɗɗa kuma an kawo wa Sayyadina Umar auren da ba wanda ya shaida shi sai namiji ɗaya da mace ɗaya, ya kira shi auren asiri, ya ƙi zartar da shi. Walima, da rabon goro, da sanƙira mai ɗaga murya ya faɗi sadaki a gaban jama'a, duk an ajiye su ne domin gari ya san wance matar wane ce.

Dalilin tsanantawar nan a fili yake. Da fari, wanda ya ɓoye mace ba shi da ikon yin adalci cikin rabon kwana da ciyarwa, gama kowane dare ya ba ɗaya sai ya biya shi da ƙarya wajen ɗayar, alhali kuwa da sharaɗin adalci Suratun Nisa'i ta halatta ƙari.

Na biyu shi ne ranar mutuwa, kuma nan ne wasan Turawa ya tsaya, namu kuwa nan yake farawa. Mata suna tarayya cikin tumuni in mamaci ya bar ɗa, cikin rubu'i in bai bari ba. Misali mutum ya bar naira 800,000 bayan an biya bashi, tumuni naira 100,000 ke nan, in mata biyu ne kowace 50,000. Aka raba gado a Haɗejiya ko Auyo ko Kafin Hausa, aka sayar da gonar fadama, aka ci kuɗi, bayan wata shida sai ga mace ta sauka daga mota da goyo a baya da yaro a hannu, ta ce ita ma matarsa ce. Alƙali zai nemi shaidu, shaidu kuwa suna wata jiha, ɗaya ya mutu, ɗaya an rasa inda ya koma. In ta kasa kawo hujja an cinye haƙƙin marayu, an kuma bar su da zargi a kan nasabarsu. In ta kawo, sai a rushe rabo, uwargida da 'ya'yanta su mayar da abin da suka ci bisa rashin sani, gaba ta shiga tsakanin 'yan uba tun ba su san sunan juna ba.

Na uku ya fi ban tsoro. 'Ya'yan mutum ɗaya da suka tashi a gari biyu ba su san juna ba, wa ya isa ya lamunce cewa makaranta ko kasuwa ba za ta haɗa su ba wata rana, har magana ta kai ga neman aure?

Saboda haka ga abin da nake roƙo. Limamin da aka kawo wa baƙo ya ɗaura masa aure, ya tambaye shi garinsu da unguwarsu, da ko yana da iyali, da wanda ya zo daga danginsa. In ya ji kalmar a rufa asiri, ya naɗe buzunsa ya tashi. Waliyyi kada ya ba da 'yarsa ga baƙo sai ya aika garinsu an bincika, yau kuwa waya ta ɗauke masa wahalar tafiya. Wanda aka kira shaida ya sani ba a ba shi goro domin ya yi shiru ba. Kowane aure a rubuta shi, da sunan waliyyi da shaidu da sadaki da kwanan wata, mace ta riƙe takardarta. Wanda kuma ya riga ya faɗa cikin wannan, ya tuba, ya tambayi malami hukuncin aurensa, ya kira babban wansa ko limamin unguwa ya bayyana musu, ya rubuta sunayen matansa da 'ya'yansa tun yana da rai. Fushin uwargida na wata guda ya fi sauƙi bisa ga shari'ar marayu ta shekaru.

Ku kuma almajirai, gobe ku ne limamai, a zaurukanku za a kawo goron. Ku karanta babin nan da kyau, kada kunyar attajiri ta hana ku tambaya.

Allah Ya shirye mu, Ya tsare mana zuriyarmu, amin. Wassalamu.