Ba Kwaɗayi Ne Ya Cinye Matilda Ba

Duk inda aka zauna nazarin gajeren labarin nan na Guy de Maupassant mai suna La Parure, wato sarƙar ado, wanda jaridar Le Gaulois ta fara bugawa a birnin Faris a 1884, hukunci ɗaya ake yankewa: mace ta raina matsayinta, ta ari abin da ya fi ƙarfinta, kwaɗayi ya zame mata mabuɗin wahala. Daga nan sai a yaba wa marubucin bisa yadda ya shammaci mai karatu a ƙarshe, a rufe littafi. Ban yarda da ko ɗaya daga cikin biyun ba.

Ƙashin labarin ba shi da yawa. Matilda, matar wani ƙaramin akawu a ma'aikatar ilimi, ta ari sarƙar lu'ulu'u wurin ƙawarta Madam Forestiye domin halartar liyafar minista. Sarƙa ta ɓace. Ita da mijinta suka ci bashi, suka sayi irinta a kan faran 36,000, suka shekara goma suna biya. Sai bayan an gama ne ƙawar ta shaida mata cewa ta asalin jabu ce, ba ta wuce faran 500 ba.

Masu cewa shammata aka yi ba su karanta da natsuwa ba. Tun farko Madam Forestiye ta ba da aron sarƙar ba tare da ko ɗar ba, alhali mai dukiya ba ya sakin lu'ulu'u haka. Da ma'auratan suka je wurin mai sayar da kayan ado wanda sunansa ke jikin akwatin, ya duba littafinsa ya ce akwatin kaɗai ya fito daga hannunsa. Da aka mayar mata da sabuwar kuwa, ko buɗe akwatin ba ta yi ba. Sau uku marubucin yana ajiye gaskiya a gabanmu muna tsallakewa, domin mu ma, kamar Matilda, mun ɗauka duk abin da ya fito daga gidan masu kuɗi na gaske ne. Tarkon da ya kama ta shi ya kama mu, kuma a nan gwanintar take.

Batun kwaɗayi fa? Ba na musun cewa Matilda tana da dogon buri. Maupassant bai ɓoye wannan ba. Amma a duba inda ɓarnar ta auku. Abin da ya fitar da ita daga liyafar a gaggauce, wajen ƙarfe huɗu na asuba, shi ne gudun kada matan attajirai su ga mayafinta na talakawa. Kunya ce wannan. Da sarƙa ta ɓace, wa ya kawo shawarar a rubuta wa mai ita cewa maɗaurin ne ya karye, ana gyara? Mijin ne, mutumin da masu wa'azi da labarin suke nunawa a matsayin abin koyi wajen wadatar zuci. Shi ya yi shifta, ita ta rubuta. Da sun iya buɗe baki sun ce ta ɓace, da faran 500 ta kashe maganar. Talaucinsu ya koya musu cewa gara su tsufa a bashi da a kira su ɓarayi.

Abin da ya fi ba ni haushi da karatun wa'azi shi ne yadda yake mantawa da matar da ta sallami 'yar aikinta, ta koma ɗakin ƙuryar bene, ta yi wanki da ɗaukar ruwa har hannuwanta suka yi kanta, ta biya bashin har ƙwandalar ƙarshe. Mai kwaɗayi ba ya yin haka. Ranar da ta tari ƙawarta a kan titin Shanzelize, da murmushin alfahari ta ba ta labarin.

Sannan marubucin ya ajiye alƙalami a kan maganar faran 500. Sarƙar gaske ta faran 36,000 tana can cikin akwatin Madam Forestiye, bai kuma faɗa mana ko ta mayar ba.