Zauren Iyali: A Miƙa wa Kaka Ƙwarya

A nan Tudun Wadan Zariya tsofaffi da yawa suna wuni a zaure shiru, ana magana hankalinsu yana wani wuri. Mu kuwa sai mu ce ai tsufa ne.

A 2020 masu bincike a Japan suka ba da labarin wani gwaji a gidan kula da tsofaffi: kiɗan ganga na minti 30, sau uku a mako, har wata uku. Da aka auna tunaninsu, masu kiɗan sun fi sauran ci gaba. Ba abin mamaki ba ne. Mai kiɗa tilas kunnensa ya bi na kusa da shi, hannunsa ya sauka a kan kari.

Na sani wani dattijo zai ce kiɗa aikin maroƙa ne. To, a fara cikin gida. A kife ƙwarya, jika ya buga sau uku, Kaka ta maimaita, gobe a ƙara. Tulun Zumuntar Mata ma ya isa. Kalangu kam yana gajiyar da kafaɗa, a bar shi.

Amma fa in mantuwa ta yi tsanani, a kai su asibitin koyarwa na Shika.