Android ko iPhone: A Hannun Wa Mabuɗin Wayarka Yake?

A gidaje da dama na unguwar GRA da ke birnin Katsina, muhawarar ba ta ƙarewa: ɗalibin Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua na son iPhone, maigida kuwa ya kafe kan Tecno ko Samsung. Galibi kan farashi da kyamara ake ja-in-ja, alhali babban bambancin yana ga tsarin da ke tafiyar da wayar, da kuma wanda ke riƙe da mabuɗinsa.

Tsarin iOS, wanda kamfanin Apple ya fitar tare da iPhone a 2007, rufaffen gida ne. A Najeriya, mai iPhone ba ya samun manhaja sai ta rumbun App Store, bayan kamfanin ya tantance ta. Android na kamfanin Google, wanda ya shigo kasuwa a 2008, buɗaɗɗe ne: kowane kamfani na iya ɗaukar tushensa ya gina wayarsa. Wannan na daga cikin dalilan arahar Tecno da Infinix da itel, kuma shi ya sa ɗalibi ke iya tura wa abokinsa manhaja ta Xender ba tare da ya kashe data ba.

Rufewa na da fa'ida, domin ɓarayin intanet na shan wahala kafin su kutsa. Sai dai mai gadin ƙofa shi ke da ikon hana shiga. A Oktoban 2021 aka bayyana cewa Apple ya cire manhajar Quran Majeed daga rumbunsa na ƙasar Sin bisa buƙatar hukumomin can, kuma masu iPhone ba su da wani rumbun da za su nufa.

Buɗewa kuwa 'yanci ne mai nauyi. Manhajar da aka turo ta WhatsApp, babu tabbacin wani ya duba cikinta. Hatta rumbun Google bai tsira ba: a Afrilun 2022 an ruwaito cewa ya janye wasu manhajoji, har da na lokutan salla da alƙibla, saboda suna kwasar bayanan jama'a a ɓoye. Kafin nan, a Nuwamban 2020, rahoton jaridar Motherboard ya nuna cewa bayanan wuraren masu amfani da Muslim Pro na zuwa ga kamfanin X-Mode, mai hulɗa da 'yan kwangilar sojin Amurka. Muslim Pro ya musanta sayar wa soji bayanai, ya kuma yanke alaƙa da kamfanin. Abin lura, manhajar tana cikin rumbunan biyu.

Yanzu ma iyakar na gushewa. Tun Maris 2024 dokar Tarayyar Turai ta tilasta wa Apple amincewa da wasu rumbuna a ƙasashen tarayyar, yayin da Google ya sanar a Agustan 2025 cewa zai fara tantance masu ƙirƙirar manhajoji, har waɗanda ke wajen rumbunsa.

Saboda haka, iyaye da ɗalibai, tsadar waya ba ta ɗauke wa mutum nauyin amana. Kafin a ba yaro waya, a kunna kulawar iyaye: Family Link a Android, Screen Time a iPhone. A duba izinin kowace manhaja. Me zai haɗa manhajar azkar da lambobin abokanka? Lokutan salla kuma, a zaɓi Katsina da hannu, a kashe bibiyar wuri. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya kare mana sirrinmu da zuri'armu.