Toshe layi daban, toshe waya daban

Ƴan uwa ɗalibai, in an sace ma mutum salula a tasha ko a kasuwa, shawarar da kowa ke ba shi guda ce: "Ruga kamfani su toshe maka layi." Sai ya je, a kashe tsohon pis, a ba shi sabo da lambarsa ta da. To wayar fa? Tana hannun ɓarawo lafiya lau. Ya zare pis ɗin ya jefa a kwata, ya sa nasa, ko ya sayar kafin magariba.

Kada wani ya ce maku ba yadda za a yi. Kowace waya tana da lambar kanta mai alƙaluma 15, ana ce mata IMEI. Danna *#06# yanzu, za ka ga taka. Duk sa'ad da waya ta kama rezo, kamfani yana ganin wannan lamba, ko pis ɗin wa ke ciki. In ya saka ta cikin jerin wayoyin sata, wayar ba ta ƙara kira, ta zama madubin kallon fuska. A Ingila tun 2002 canza IMEI ba bisa ƙa'ida ba laifi ne. A Faransa dokar 2011 ta tilasta ma kamfanoni toshe wayar da aka sace cikin kwana 4 na aiki bayan ƴan sanda sun miƙa masu rahoto. Ƙungiyar kamfanonin waya ta duniya, GSMA, tana da rumbun da ake musayar irin waɗannan lambobi. Ashe ba siddabaru ba ne, niyya ce da doka.

Mu nan an tilasta mana kai katin ɗan ƙasa kafin a ba mu pis, mun kai. Me zai hana mu nemi a rama mana? ARCEP ta shimfiɗa ma Airtel, Moov Africa, Zamani da Niger Telecoms ƙa'ida ɗaya: wanda ya kawo takardar komisariya da IMEI, a toshe wayar a dukan rezo huɗu, kyauta, cikin kwanaki ƙididdigaggu. Kuma jerin ya tsallaka iyaka, don wayar da aka sace a Maradi da safe tana iya bin Ɗan Issa da Jibiya ta kwana Katsina.

Akwai masu cewa: "Ku yi asirans mana, in an sace a biya ku." Haba! Ɗalibin da ya tara kuɗin burs na wata da watanni ya sayi waya ta jika sittin, shi za a ɗora ma biyan wata-wata? Ko a Turai da abin ya yaɗu, yarjejeniyoyi da yawa ba su biya in zarar aljihu ce, sai an yi maka fin ƙarfi, kuma sai ka kawo takardar ƴan sanda da IMEI ɗin nan dai. Mu ce ma an biya ka. Kai ka samu sabuwa, ɓarawo ya ci kuɗin tsohuwa, gobe ya dawo tasha. Asirans share hawayen mutum guda take yi. Toshe waya kasuwar sata yake kashewa.

Na san akwai masu gyara da ke iya canza IMEI. Sai doka ta kira aikin da sunansa, ta hukunta mai yi. Don ɓarayi na fasa kwaɗo ba a daina rufe ɗaki ba.

Sai dai in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wanda ya sayi wayar jika ɗari a jika ashirin, ba kwali ba rasit, ya san abin da ya saya. Ku daina. Ku rubuta IMEI ɗinku a bangon kaye yau, ku adana kwalin, in an sace ku kai rahoto. Ƙungiyoyinmu na ɗalibai kuma su sa wannan buƙata cikin takardun kokensu.