Daga Kan Tabarma: Tsofaffin Malaman Maganin Indiya



Ranar kasuwa dukanmu muna jin masu talla da lasifika: wai ga maganin Indiya, yana kashe basir, yana kashe sanyi, yana gyara aure. Wasunmu har bashi suke ɗauka a asusu su saya. To, yau bari mu ji su wa suka kafa wannan ilimi, kuma me suka koyar.

A Indiya sunansa Ayurveda, wato ilimin rayuwa. Babban littafinsa na wani malami ne mai suna Charaka, wajen shekara 2000 da suka wuce. Shi ma gado ya tarar. Atreya ya karantar da almajirinsa Agnivesha, Agnivesha ya rubuta, Charaka ya gyara. Da wani sashe ya ɓata, Dridhabala ya cike shi, littafin ya kai babi 120. Kun ga, ilimi ma zubi ne, kowa da abin da ya sa.

Na biyu shi ne Sushruta, gwanin fiɗa. Ya bayyana yadda ake gyara yankakken hanci da fatar kumatu. Almajiransa kuwa sai sun koyi yanka a jikin duma da kankana kafin su taɓa mutum. Daga baya Vagbhata ya tattara koyarwar magabatan nan a taƙaice. A zamanin Abbasiyawa aka juya wasu littattafan zuwa Larabci a Bagadaza, har babban likita Ar-Razi yana ambaton Charaka.

Abin da ya fi burge mu, Charaka ya ɗora samun sauƙi kan ƙafafu huɗu: likita, magani, mai jinya, da majinyacin kansa. Mai jinya fa! Mu ke nan, masu kwana zaune da yaro mai zazzaɓi. Ya so mai jinya ta kasance mai tsabta, mai ƙaunar majinyaci, wadda ta san aikinta.

Ya kuma yarda makiyaya da mutanen daji sun san sunayen itatuwa da kamanninsu. Amma a wurinsa sanin suna bai isa ba, sai an san cutar da gwargwadon abin da za a sha, don magani in ya wuce ƙa'ida guba ne. Ya yi kashedi da masu maganin ƙarya, masu cika baki, waɗanda in ciwo ya tsananta sai a neme su a rasa.

Kashedin nan bai tsufa ba. A wani bincike da aka wallafa a 2004 an auna irin waɗannan magunguna da ake sayarwa a shagunan birnin Boston na Amurka, aka samu kusan 1 cikin 5 na ɗauke da dalma ko wasu ma'adinai masu guba. Dalma tana lalata ƙwaƙwalwar yaro, tana cutar da mai ciki.

Mu ba baƙin itatuwan Indiya ba ne. Bedin da ke ba mu inuwa da zogalen da muke kwaɗawa, asalinsu daga can yankin ne. Saboda haka ba raini muke ba. Sai dai kafin ki cire jika biyu daga kuɗin zubi, tambayi mai tallan: me ke ciki, nawa ake sha, ina zan same ka gobe? In ya hau kame-kame, ɗaure kuɗinki a haɓar zane. Yaro mai zafin jiki da mai juna biyu kuwa, asibiti tukuna.

Allah ya ba mu lafiya, ya sa albarka a asusunmu. Sai wata na gaba.